TSAKIYA DA MURJANI: BAƘIN DA SUKA RIGA MU ZAMA 'YAN GARI

Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa a nan Nassarawo ya san adudun nan na tsohuwa wanda ba a bari yaro ya taɓa. In ta buɗe shi ranar biki, daga can ƙasa za ta zaro wani ƙulli na tsumma, ciki kuwa jajayen duwatsu ne a shirye a zare, wato tsakiya da murjani. Mu yara a lokacin ba mu ɗauke su a bakin komai ba. Sai da na girma na gane cewa duwatsun nan sun fi kakanninmu nisan tafiya.

Tsakiya ita ce dutsen da Larabawa ke kira aƙiƙ. Mafi yawan ta dā daga Indiya take zuwa, daga garin Kambay na ƙasar Gujarat. A ƙasar ta Gujarat ake haƙo dutsen, a shanya shi a rana, a gasa shi cikin tukwane har ya yi ja, sannan a feƙe, a huda. Daga nan sai jiragen ruwa su kai shi ƙasar Larabawa da Masar, alhazai da fatake su ƙetaro da shi zuwa Barno da Kano. Kuma ba jiya aka fara ba. Da aka tona kushewun Durɓi-ta-kusheyi kusa da Katsina a 1992, an sami irin waɗannan jajayen duwatsu tare da 'yan kunnen zinariya, a kaburburan da suka haura shekara 500.

To, ya aka yi ta iso bakin Binuwai? Bayan Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, fataken Kano da Katsina da Zazzau suka yi ta kwararowa Fombina neman hauren giwa, har su zarce Garwa da Ngaundare da Banyo. Dutsen wuya kuwa kaya ne na mai dogon zango: ba ya ruɓa, ba ya da nauyi, ruwan sama ba ya ɓata shi, kuma duk inda ka sauka akwai mace mai so. Ɗan koli ya kan fara da tabarma ɗaya a bakin kasuwa, in Allah ya sa albarka sai ka ga ya yi gida, ya yi aure, shi ke nan an zama 'yan gari. Da yawanmu in muka bi salsala, a kan tabarmar nan za mu tsaya.

Sai dai a nan akwai abin da tsofaffinmu ba za su so ji ba. Ba kowace tsakiya ce ta Makka ba, ko da kuwa daga Makka aka sayo ta. Tun wajen 1830 mutanen wani gari a Jamus mai suna Idar-Oberstein suka fara sayo ɗanyen aƙiƙ daga Barazil, suna rina shi ja, suna feƙe shi daidai yadda matan Afirka ke so. Talhatanar nan mai kan mashi da ake ratayawa a wuya, da yawa aikinsu ne. Daga baya kuma mutanen Bohimiya suka kwaikwaye ta da gilashi. Shi kuwa murjani asalinsa ma ba dutse ba ne, wata halitta ce da ake cirowa daga tekun Bahar Rum, a biyo da ita ta Tarabulus a ratso Sahara.

Me ya sa ja? Tsofaffi su kan ce jan dutse yana tsai da jini, yana kuma kare mai jego da jariri daga kambun baka. Malamai ba su yarda da wannan ba, kuma suna da gaskiya, dutse ba ya amfani ba ya cutarwa sai da ikon Allah. Abin da ya tabbata a Sahihu Muslim shi ne zoben Annabi (SAW) na azurfa ne, dutsensa kuma na Habasha ne, wasu malamai suka ce aƙiƙ ne. Shi ya sa har gobe za ka ga dattijo da zoben azurfa mai jan ido.

Amma ni a ganina babbar ma'anar tsakiya ita ce asusun mace. Matar da aka ɗauko daga Kano aka kawo Jimeta, ba uwa ba uba a kusa, ba ta da gona ba ta da shanu, dukiyarta tana wuyanta. Ran biki ado ce, ran wuya kuma jingina ce. In ta rasu 'yarta ta gada.

Tun shekarun 1970 dillalai, yawancinsu ma Hausawa 'yan'uwanmu, suke bi gida-gida suna saye tsofaffin duwatsu suna kai wa Turawa a Amurka da Turai. Namu adudun ma bai tsira ba. Bayan rasuwar kakata, Allah ya jiƙanta, wani ɗan koli ya zo gaisuwa, ya ce ai kayan nan tsohon yayi ne, ya ba gwaggona atamfa turmi biyu ya tafi da zare uku. Guda ɗaya tak ta rage, wadda ta gangara ƙarƙashin gado, sai ran shara aka tsince ta. Na duba ramin hudarta a rana, ba madaidaici ba ne, an huda ta wannan gefe an huda ta wancan sun haɗu a karkace, alamar aikin hannu ke nan. Tana wuyan 'yata yanzu.