Daga Kainji zuwa Wurno: Me Ya Sa Wutarka Ke Isowa a Gajiye?

Idan aka tallata maka na'urar rage ƙarfin wuta, wai don kuɗin wutarka ya ragu, dakata ka ji asalinta tukuna.

Ingila ta daɗe tana ba gidaje wuta mai ƙarfin bolt 240, yawancin ƙasashen Turai kuwa 220. A 1995 aka daidaita ma'aunin zuwa 230, amma a takarda kawai, wutar da ke shiga gidajen Ingila ba ta sauya ba. Shi ya sa na'urar ta samu kasuwa a can, tana sauko da ƙarfin zuwa wajen 220. Ko a can ɗin ma ribarta a gida kaɗan ce: butar lantarki za ta ƙara daɗewa ne kafin ruwa ya tafasa, kuɗin ya tashi kusan ɗaya.

Mu namu tarihin daban ne. An kammala madatsar Kainji a 1968, aka kafa NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, sannan daga baya rabon wutar Jihar Sakkwato ya koma hannun Kaduna Electric. Sunaye sun yi ta canjawa, amma nisan yana nan. Babbar hanyar wutar daga Kainji ce zuwa Birnin Kebbi, sai Sakkwato, sannan ƙananan layuka su kai ta Wurno, Rabah da Goronyo. Kada madatsar Goronyo ta ruɗe ka, don noman rani da ruwan sha aka gina ta.

Duk tsawon waya sai ya ci rabonsa, ga taransifoma ɗaya gidaje sun yi mata yawa. Da magariba, kowa ya kunna kayansa, sai ka ga ƙwan fitila ya yi ja, fanka na juyawa da ƙyar. A nan firij ke shan wahala: idan ƙarfi ya faɗi, injinsa yakan kasa tashi, ya yi zafi har wayoyinsa su ƙone.

To ka ga, rage abin da dama bai isa ba ai ƙara ciwo ne. Sitabilaiza kake buƙata, mai ɗaga ƙarfin in ya faɗi, ta sauke shi in ya hau. Sai dai ba ta ƙirƙirar wuta, kuma tana da iyaka. Kafin ka saya, sa mai gyaran wuta ya auna maka ƙarfin soket da magariba, sannan ka duba mafi ƙarancin bolt da aka rubuta a jikinta.