Daga Zaure Zuwa Get: Tarihin Gidan Mai Kuɗi A Ƙasar Daura

 Ku yi mini afuwa, makon nan ba ci gaban labarinmu na kawo muku ba. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun da na dawo daga gida Mai'adua, na ga in ban amayar da ita ba, alƙalamin ma ba zai yi tafiya ba.

Bayan sallar layya muka taru a gidan kakanmu, sai Yaya Babba ya kawo shawarar a rushe zauren gidan, a kafa get inda mota za ta riƙa shiga, a fitar da falo na zamani a gefe. Kowa ya yi na'am sai ni. Da na ce ban yarda ba, sai ya yi dariya ya ce, "Ke ce za ki faɗi haka? A littattafanki kaf, yarinya nawa kika taɓa kai wa gidan ƙasa a matsayin amarya?"

Wallahi sai bakina ya mutu. Tun 2001 nake rubutu, kuma duk saurayin da na so masu karatu su ƙaunace shi, sai na ba shi gida mai hawa biyu, maigadi ya wangale get, falo ya sha kujeru 'yan Italiya, sanyin esi na ratsa jiki. Ban taɓa kwana a irin gidan ba lokacin da na fara rubuta shi. Wannan gorin na Yaya shi ya sa na zauna da tsofaffi, na kuma bi abin da aka rubuta, don in san yadda aka yi gidan mai arziki a ƙasarmu ya tashi daga wancan ya koma wannan.

Kakanmu fatoma ne a kasuwar Mai'adua, wadda ke ci ranar Lahadi. Tun daren Asabar baƙi ke sauka, masu shanu da raƙuma da tumaki daga Matamaye da Kance da Damagaram, su biyo ta Kwangwalam. A zaurensa suke kwana, a nan ake ƙulla ciniki, a nan ake ajiye amanar kuɗi. Ina ƙarama ni ake ɗora wa akushin tuwo in kai, kuma ban taɓa jin an tambayi baƙo ko wane ne shi kafin a ce ya sa hannu ba. A wancan zamani, in ana son a san nauyin mutum, zaurensa ake dubawa: faɗinsa, tsayin rufinsa, da yawan takalman da ke bakin ƙofa.

Tsarin gidan kuwa sananne ne a duk ƙasar Hausa. Daga zaure sai fili inda samari da baƙi ke da ɗakuna, sai shigifa wadda ba mai wuce ta sai muharrami, sannan cikin gida da ɗakunan mata da turakar maigida. Kayan alatun mai hali su ne rijiya a cikin gida don kada matansa su nemi ruwa a waje, rumbuna cike da gero da dawa, turken doki, da soro mai bene inda ake shan iska da bazara. A Kano, fataken Larabawa da suka zauna a birni sun yi suna da irin waɗannan benaye tun ƙarni na 19.

Wani tsohon magini da ke yi wa zaurenmu yaɓe tun ina yarinya shi ya fahimtar da ni abin da ya sa faɗin ɗaki ya zama alamar arziki. Ya ce, "'Yata, azara ce ke yanke hukunci." Azara daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cin ta, amma in ta wuce kamar mita 2 ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasar rufi. Don haka ɗakin talaka ƙarami ne dole. Wanda ke son ɗaki mai faɗi sai ya nemo gwanin da ya iya bakan gizo, wato a riƙa ɗaura azara kan azara daga bango biyu har su haɗu a sama, a lulluɓe su da ƙasa. In bakunan suka gitta juna a tsakiya, shi ne daurin guga, irin na zaurenmu. Bango kuma da tubali ake tayar da shi, a shafe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Rufi a yi masa laso, haɗin katsin marina da gashin jima da dafara, don kada ruwa ya zauna. A ƙarshe a fitar da zankwaye a kusurwa, a sa indararo.

Wannan sana'a tana da sarautarta, Sarkin Magina, tana da manyanta. Babban Gwani Muhammadu Durugu shi ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, kuma har yau masana gini na zuwa kallon bakunansa. Wanda ya shiga zaurukan fadar Daura, ko Gidan Makama a Kano, ko ya zaga unguwar Birni a Damagaram, ya ga abin da ƙasa da azara za su iya yi in sun samu hannu.

Canji na farko Turawa suka zo da shi. Bayan sun ci Kano a 1903, suka dawo da Malam Musa gadon sarautar Daura a 1906, sannan tsakanin 1906 da 1908 su da Faransawa suka shata iyakar da ta bi ta arewa da Mai'adua, baƙin kakanmu suka wayi gari 'yan wata ƙasa. Su Turawan ba su zauna cikin gari ba. Bariki suka yi wa kansu, har dokarsu ta tanadi a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwarsu da ta 'yan ƙasa. Gidan Bature a tsakiyar fili yake, da baranda da lambu, masu aiki a baya cikin boskwata. Ba shi da zaure, don ba a gina shi saboda baƙon da bai yi alƙawari ba. Ku riƙe wannan, domin shi ne kakan gidan da nake rubutawa a littattafaina. Da Turawa suka tafi a 1960, manyan ma'aikatanmu suka gaji unguwannin, kuma zama a GRA ya zama shaidar an isa.

Canji na biyu gyaɗa ce ta kawo shi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga nan gyaɗar ƙasar Daura da Kazaure da Gumel ta riƙa gangarawa can, kuɗi na dawowa tare da kwanon rufi da siminti. Attajiran lokacin ba su yar da zaure ba, sai dai suka yi masa kwalliya. Aka riƙa shafe fuskar gida da siminti a zana dagi da takobi, daga baya har da keke da mota da agogo, musamman a Zariya da Kano. Kwano kuwa ya zama abin alfahari duk da zafinsa, don mai shi ya huta da yaɓen shekara-shekara.

Amma wanda ya juya komai shi ne kuɗin man fetur. A 1974 aka yi ƙarin albashin Udoji, a 1975 jiragen ruwa ɗaruruwa ɗauke da siminti suka cunkushe tashar Legas. A daidai wannan lokacin fari da cutar gyaɗa suka karya noman da ya riƙe ƙauyukanmu, arziki ya koma hannun 'yan kwangila da ma'aikata da 'yan kasuwar kan iyaka. Bulo ya kori tubali. Falo ya shigo, da kujerun kushin da fanka da firji da talabijin, alhazai kuma suka riƙa dawowa daga Makka da dardumai da labule. A nan ne aka fara raba baƙi gida biyu: na kirki a shigar da shi falo, sauran su tsaya a waje.

Mu mata ma ɗakinmu yana da nasa tarihin. Kakata jeren ƙore da tasoshi ta yi. Mahaifiyata ta zo da gado mai rumfa da kwalla da samira jere har rufi, waɗanda dukiya ce da mace ke iya sayarwa ranar da ta shiga matsi. Ni da kabet aka kai ni. 'Yata kuwa ta ce in ba kicin mai kantoci a jikin bango ba, kada a fara. Sai dai samira tana komawa kasuwa ta dawo da kuɗi, katakon kicin kuwa in an ɓamɓare shi sai murhu.

Da gwamnati ta koma Abuja a watan Disamba na 1991, sai ga sabon abin koyi. Duk wanda ya je ya ga Maitama da Asokoro ya dawo da hoto a kansa: ginshiƙai biyu a ƙofar shiga, rufi mai tsini kamar na ƙasashen da ƙanƙara ke zuba, alhali mu damina wata 3 zuwa 4 ce. Daga shekarun 2000 'yan kasuwarmu suka buɗe hanyar Dubai da Sin, kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ta cika da tayil da fitilu da ƙofofin Turkiyya. Yau in ka bi sababbin unguwannin Daura, ko bakin titin da ya nufi Kwangwalam, abin da za ka gani ke nan: silin na fiyofi mai fitilu a ɓoye, intalok a tsakar gida, banɗaki a kowane ɗaki, falon maigida daban na uwargida daban, kicin biyu, na ado da na hayaƙi.

In mai karatu ya lura, manyan kayan alatun yanzu duk na raba kai da jama'a ne. Bohol da tanki, don kada a jira ruwan gari. Janareta, don kada a jira wuta, sannan tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 sai farantan sola suka hau rufi. Katanga mai tsayi, waya a samanta, kyamara a kusurwa, maigadi a get. Shi kansa esin dole ce ta kawo shi, domin ɗakin bulo mai rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tanda ne. Zauren kakanmu kuwa, mai kaurin bango kusan kamu biyu, da tsakar rana ma sai ka nemi mayafi in ka jima a ciki.

Ba zan zalunci Yaya ba, yana da hujja. Ginin ƙasa yana son yaɓe duk shekara, in aka yi sakaci damina biyu sai ya zube, wani lokacin a kan mutane. Sannan zamani ya lalace. A watan Mayu na 2019 'yan bindiga suka ɗauke Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar Uba, yana zaune a ƙofar gidansa, sai bayan wata 2 aka kuɓutar da shi a Kano. Bayan wannan, wa zai ga laifin mai kuɗin da ya ƙara wa katangarsa tsayi? Kuma cikin masu get ɗin akwai waɗanda suka fito da famfo ta jikin katanga don maƙwabta, suka gina ɗan masallaci a ƙofar gida inda ake haɗuwa da su. Ni a ganina wannan famfon da wannan masallacin su ne abin da ya rage na zaure.

Abin da ya dame ni shi ne namu hannun a ciki, mu marubuta da 'yan fim. Shekara da shekaru muna nuna wa 'yan mata cewa gidan ƙasa wurin wahala ne da kishiya da mugunyar uwar miji, farin ciki kuwa sai an wuce get. Ba mu taɓa rubuta attajiri mai zaure ba, alhali da yawanmu a irin gidan muka tashi. Su kuwa mutanen waje sun san darajarsa. Masallacin Yama da ke jihar Tawa a Nijar, wanda magini Falke Barmu ya fara ginawa da ƙasa a 1962, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A 2022 kuma Francis Kéré, ɗan Burkina Faso da ya yi suna da ginin ƙasa, ya karɓi Pritzker, kyauta mafi girma a fagen zanen gini a duniya. Mu kuma a farkon 2024 muna layin sayen siminti buhu ya haura naira 10,000.

Yadda muka ƙare da Yaya shi ne, za a fasa katanga ta gefen da turken doki yake a da, a kafa get ɗin a can. Zaure zai tsaya, bisa sharaɗin ni zan riƙa biyan kuɗin yaɓensa kowace shekara kafin ruwa ya sauka. Na amsa, ko da yake kun san abin da littafi ke kawowa yanzu.

Da na je na gaya wa tsohon maginin, na ɗauka zai yi murna. Sai ya ce, "To 'yata, bana da baɗi in da rai zan yi miki. Bayan nan fa?" Na ce, "Baba, yaranka fa?" Ya ce duka ukun suna Abuja suna manna tayil, kuma ba wanda ya tsaya ya koyi ɗaurin azara. Har na baro Mai'adua ban samo amsar da zan ba shi ba. In akwai wanda ya san matashin magini a ƙasar Daura ko Damagaram da ya iya daurin guga, don Allah ya yi mini hanyarsa.

Mako mai zuwa za mu koma kan labarinmu in Allah ya kai mu. Sai dai ina sanar da ku tun yanzu, na sauya gidan da za a kai amarya.