Kwatanta Shimfiɗar Garadawa da ta Adar Dutsi: Siffofinsu da Asalinsu

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta shimfiɗun dutse biyu da ke kwance ɗaya bisa ɗaya a ƙasar Adar. Ta nuna cewa ta ƙasa a cikin teku ta taru, ta sama kuwa ta samu ne sa'ilin da teku ke janyewa.

Gabatarwa

Yankunan Madawa, Buza da Keita na jihar Tawa, har da karkarar Sabon Gida, suna cikin kwarin Iwillimidan, wanda ya shafi Mali, Nijar, Benin da arewa maso yammacin Nijeriya. An dogara a nan ga bayanin da Greigert ya yi a 1966 da taswirorin Adar Dutsi da Hanon ya fitar a 1984.

Shimfiɗar Garadawa

Sunanta daga ƙauyen Garadawa na yankin Keita ya fito. Mafi yawanta ta taru a zamanin Paliyosin, shekara miliyan 66 zuwa 56 da suka wuce. Dutsen farar ƙasa ne ya fi yawa cikinta, tare da yumɓu mai ɓarewa falle-falle. Launinta fari ne ko ruwan toka, kuma dutsen kan yi kumfa idan aka ɗiga masa asid. Ana samun ƙwanson halittun ruwa da haƙoran kifi cikinta, shaidar cewa teku marar zurfi mai ɗumi ya taɓa rufe wurin. Tekun ya ratso Sahara daga arewa ta mashigin Gawo. Takwararta a Sakkwato ita ce shimfiɗar Kalambaina da yumɓun da ke tare da ita.

Shimfiɗar Adar Dutsi

Ita ce ke bisa ta Garadawa, don haka ta fi ta ƙuruciya. Ta ƙunshi yumɓu, dutsen yashi da tama mai ƙananan ƙwayoyi kamar tsabar gero. Launinta ja ne ko ƙasa-ƙasa, ba ta kumfa da asid, kuma ragowar halittun teku ba ta da yawa cikinta. Asalin ƙarfen shi ne tsofaffin duwatsun gefen kwarin Iwillimidan, waɗanda zafi da yawan ruwan sama suka ruɓar. Koguna suka kwaso shi suka zuba a bakin teku da fadamu, inda kaɗawar ruwa ta mulmula shi ya zama ƙwayoyi.

Tattaunawa

Bambancin taurin shimfiɗun biyu ne ya ba Adar siffarta. Tama da marmarar sama suna jure ruwa, shi ya sa kan tuddai ya baje. Da zarar ƙorama ta huda wannan murfi, sai ta ci yumɓun ƙasa da sauri, gefen tudu ya rufta, kwari ya buɗe, kamar yadda ake gani a Majiya da Keita. Zaizayar da aikin raya karkara na Keita ya fara yaƙa a 1984 tana da nasaba da wannan tsari. Amfanin shimfiɗun ma ya bambanta: dutsen farar ƙasa na zamanin Paliyosin shi ake yin siminti da shi a Malbaza da Sakkwato, baƙin dutsen sama kuwa manoma ke jerawa a gona don tare ruwa.

Kammalawa

Shimfiɗun biyu maƙwabta ne, amma asalinsu daban: ɗaya ta cikin teku, ɗaya ta gaɓa da tudu. Ya kamata masu haƙar rijiya, masu gina madatsun ruwa da masu yaƙi da zaizaya a Adar su fara tantance wace shimfiɗa suke kai kafin su soma aiki.