Daga daɓe zuwa parke: tarihin abin da muke takawa a Yamai

Bara, wani yayana kafinta ya samu aiki a wani sabon gida a Kwara Kano. Mai gidan ya daɗe a Faransa, ya ce shi falonsa katako yake so a ƙasa, abin da suke kira parke. Aka shimfiɗa a watan Maris, ya yi kyau har ba ka son takawa da takalmi. Ogusta na kamawa sai katakon ya kumbura, ya yi tozo a tsakiyar falo. Da na ba kakata labarin sai ta ce: "To, shi wannan daɓen wa ya daɓa shi?" Na yi dariya, amma tambayar ta bi ni har aji, don kuwa babu wanda ya daɓa shi.

Mu fara da kalmar. Daɓe daga aikatau yake, watau bugun ƙasa har ta zauna. Abin bugun shi ne madaɓi, ginin kalma irin na mabuɗi da matsefi: ma- a gaba, -i a baya, ka samu kayan aiki. A garuruwan Hausa irin su Maraɗi, Katsina da Damagaram, gini na maza ne, daɓe na mata. Za a zuba ƙasa da tsakuwa, a yayyafa ruwa, mata su durƙusa a jere suna bugu. In ta kwanta sai a bi ta da ruwan makuba, wanda ake jiƙawa daga ɓawon ɗorawa, wasu kuma da bagaruwa. Shi ke ƙarfafa ta ya ba ta wannan duhu mai sheƙi. Daɓen ɗakin amarya shi ne babba: gayya ake yi, dangi da maƙwabta, ba biya sai abinci. Kuma ba a yinsa shiru. Akwai waƙoƙin daɓe, madaɓan su ne kiɗan, a ciki ake zambo da habaici, a taɓa kishiya, a taɓa uwar miji, a faɗi abin da ba ya faɗuwa in ana zaune. Kakata ta ce kai, wata rana faɗa ma daga nan yake tashi.

Katako fa? Muna da shi a gini, amma a sama. Azarar giginya ce ke ɗaukar rufin soro, don gara ba ta cika iya mata ba, kuma har yanzu dazukan giginya na wajen Gaya sun shahara. Ba wanda zai ɗauki itace mai tsada a ƙasar Sahel ya kwantar da shi inda gara take. A Turai lissafin daban ne. Suna da daji, suna da sanyin da ke hana taka dutse. A fadar Versailles, cikin shekarun 1680, an yi ta sauya marmara da parke saboda ruwan wankin marmarar yana ruɓar da itacen da ke ƙarƙashinta. Kenan asalin abin gudun ruwa ne. Mu kuwa gidan da buta ke yawo sau biyar a yini.

Yamai ta zama babban birni a 1926, bayan an ɗauke mulki daga Damagaram. Gine-ginen Nasara na Filato suka zo da siminti da karo, amma a unguwannin talakawa, na Zabarmawa da Hausawan Zango, ƙasa aka ci gaba da takawa. Abin ya juya ne bayan ƴancin kai na 1960, musamman da masana'antar siminti ta Malbaza ta fara aiki cikin shekarun nan na sittin. Buhu biyu uku, maso ɗaya da yaronsa, yini guda an gama abin da mata ashirin ke yi. Ba zan yi ƙarya ba, siminti ya fi sauƙin shara, ba ya son gyara duk shekara, kuma guiwoyin iyayenmu sun huta. Sai dai aikin ya fita daga hannun mata ya koma na maza, ya fita daga gayya ya koma na kuɗi. Waƙar ba ta da inda za ta zauna, don cokalin maso ba ya ba da kiɗa.

Kalmar kuwa ba ta mutu ba. Muna cewa "daɓen siminti" alhali ba wanda ya bugi komai, shafawa aka yi. Da karo ya cika gari sai muka ari sunan daga Faransanci, ƴan'uwanmu na Najeriya suka ari tayil daga Ingilishi, muka ce "an sa karo", "an manna tayil". A nan daɓe ya fara ja da baya. Da aka zo kan katako sai ya tsaya cak: "shimfiɗawa" muke cewa, kamar tabarma. A ganina harshe ya gane cewa wannan abu ba ya haɗe da ƙasa, ɗora shi aka yi.

Haka yake kuwa. Itace yana shan laima yana saki. A Maris iskar Yamai busasshiya ce ƙarau, katako ya tsuke. Da damina ya sha ya buɗe. Masu sana'ar kan ajiye shi kwanaki a ɗakin kafin a fara, su bar tazarar kusan santimita ɗaya a gindin bango don ya samu wurin motsi, su tabbatar simintin ƙasa ya bushe. Mai gida ya ce tazarar muni ce, a matse. Aka matse.

Abin dariya, babbar kasuwar kayan gini ta garin nan sunanta Katako. Allunan da ke cikinta daga ƙasashen kudu ake shigo da su, kuma yawanci ƙofa, benci da silin suke zama. Can yayana ya koma neman na canji. Ni kuma na ari rakoda a wurin wani abokina na tafi wurin kakata. Waƙa uku ta tuna. A ta huɗu ta tsaya a tsakiya, ta ce ba ta zuwa sai da madaɓi a hannu, ta sa aka miƙo mata muciya.