Amana Tsakanin Mai Labari da Mai Kallo: Nazarin Martanin Masoya Shirin The Walking Dead

Gabatarwa

A ranar 31 ga Oktoba 2010 tashar AMC ta Amurka ta fara nuna The Walking Dead, shiri mai dogon zango da aka ɗauko daga littafin labari mai zane na Robert Kirkman. Labarin wani ɗan sanda ne, Rick Grimes, da ya farfaɗo daga doguwar suma a wani asibiti a jihar Jojiya, ya tarar annoba ta rushe hukuma da gari, matattu suna tashi suna cin naman masu rai. Mutum miliyan 5.3 ne suka kalli fitowar farko. Zuwa Oktoba 2014, lokacin buɗe zango na 5, adadin ya kai miliyan 17.3. Amma a daren da aka rufe shirin a Nuwamba 2022, bayan zango 11 da fitowa 177, waɗanda suka zauna gaban talabijin ba su kai miliyan 3 ba. An sha cewa zubar da jini da kashe jarumai ne suka kori jama'a. Wannan maƙala tana ganin ba nan gizo yake saƙar ba. Masu kallo sun yi shekaru suna haɗiye mutuwar waɗanda suke ƙauna. Abin da suka kasa haɗiyewa shi ne wasa da hankalinsu.

Mutuwar da aka karɓa

Tun farko shirin ya shimfiɗa wa mai kallo sharaɗi guda: a wannan duniya babu wanda ya fi ƙarfin mutuwa. A kan haka aka ƙulla yarjejeniya, kuma marubuta suka riƙe ta. A zango na 2 an kwashe fitowa da dama ana neman wata yarinya, Sophia, da ta ɓace a daji. Ranar da aka ɓalle ƙofar ɗakin ajiya na gonar wani dattijo, Hershel, aka harbe gawarwakin da ke tsare a ciki, sai ga yarinyar ta fito a ƙarshe tana jan ƙafa, ta riga ta zama ɗaya daga cikinsu. Mahaifiyarta Carol ta ruga da kuka, wani abokin tafiyarsu, Daryl, ya riƙe ta, kowa ya kasa ɗaga hannu, sai Rick ya matso ya harbe ta. Masu kallo sun yi kuka, amma ba su ce an cuce su ba, domin abin ya fito ne daga cikin labarin kansa.

Haka aka yi da wasu jaruman irin su Dale da Shane, da Lori wadda ta rasu wajen haihuwa a 2012, da dattijo Hershel wanda aka sare wa kai a gaban 'ya'yansa a 2013. Duk a tsawon waɗannan shekaru adadin masu kallo hawa yake yi. Tashar ma ta buɗe shirin tattaunawa na Talking Dead a 2011, inda ɗan wasan da aka kashe a cikin labarin kan zo ya yi ban kwana, kamar zaman makoki. Idan da jini ne ke korar mutane, da tun a wannan lokaci aka watse.

Inda amana ta fara tsagewa

A Oktoba 2015 aka nuna Glenn, ɗaya daga cikin mutanen farko na shirin, ya faɗo daga kan ƙaton akwatin shara cikin taron gawarwaki, ana zaro hanji a saman ƙirjinsa. Aka cire sunan ɗan wasan, Steven Yeun, daga jerin sunayen da ke buɗe shirin. Bayan mako huɗu sai aka bayyana cewa hanjin na wani ne, Nicholas, da ya faɗo a kansa, shi kuma Glenn ya rarrafa ƙarƙashin akwatin ya tsira. Cire sunan nan shi ne mabuɗin matsalar, domin ba a cikin labari aka yi shi ba. Masu shirin ne suka fito daga bayan labule suka yaudari mai kallo kai tsaye.

Ba a gama farfaɗowa ba sai ga fitowar 3 ga Afrilu 2016. Sabon mugu, Negan, ya durƙusar da mutum 11 a tsakar daji, yana zagaye su da kulki mai nannaɗe da waya mai ƙaya. Da ya zaɓi wanda zai kashe, sai kyamara ta koma idon wanda ake duka, jini ya gangaro a fuskar allo, hoto ya ɗauke. Aka bar jama'a fiye da wata shida ba su san wa ya mutu ba. Waɗanda suka karanta littafin sun san tun 2012 cewa Glenn ne Negan ya kashe a fitowa ta 100, don haka ba labari ne ya buƙaci ɓoyon ba. Talla ce ta buƙace shi. Ranar 23 ga Oktoba 2016 mutum miliyan 17 suka zo karɓar amsa, aka nuna musu kisan biyu daga cikin mutanen, Abraham da Glenn, dalla-dalla. Mako guda bayan haka sama da miliyan 4 ba su dawo ba, kuma shirin bai sake kusantar tsohon matsayinsa ba.

Kisan Carl, ɗan Rick, a zango na 8 ya ƙarasa abin da ya rage. Yaron shi ne dalilin duk wahalar ubansa, kuma a littafin ya rayu har ƙarshe. Dubban masoya suka sa hannu a takardar koke ta intanet suna neman a sauke jagoran marubuta, Scott Gimple.

Abin da za a iya cewa a kan wannan ra'ayi

Mai ja zai ce a waɗannan shekaru kallon talabijin kai tsaye ya ragu a Amurka baki ɗaya, jama'a sun koma Netflix da makamantansa, kuma kowane dogon shiri yakan gaji. Wannan gaskiya ne, kuma yana bayyana zaizayewa a hankali. Sai dai ba ya bayyana faɗuwar da ta auku cikin mako guda. Wani kuma zai ce tsananin dukan da aka nuna ne ya wuce gona da iri. Shi ma yana da hujja, amma mutumin da aka ja wa rai wata shida, aka tara shi da alkawarin amsa, ba zai kalli wannan duka da idon da ya kalli mutuwar Hershel ba. Ya riga ya ji cewa da hankalinsa ake wasa.

Akwai kuma haƙƙin marubuci. Ba kowane kukan masoya ne abin bi ba. Lokacin da aka kashe wata jaruma, Beth, a 2014 an yi koken a dawo da ita, ba a dawo da ita ba, kuma daidai ne. Masoyan Daryl sun daɗe suna barazanar bore idan aka taɓa shi. Kare jarumi saboda farin jininsa shi ma saɓa wa sharaɗin farko ne. Mafi muni, a 2017 Josh McDermitt, mai fitowa a matsayin Eugene, ya rufe shafukansa na sada zumunta saboda barazanar kisa, don kawai Eugene ya koma ɓangaren Negan. Wannan zalunci ne, ba ƙaunar shiri ba. Mai kallo yana da haƙƙin a yi masa gaskiya, ba shi da haƙƙin a rubuta masa abin da ransa yake so.

Kammalawa

Dogon shiri ya bambanta da fim na sa'a biyu, domin mai kallo yana ba da shekarun rayuwarsa, yana girma tare da mutanen labarin. Wannan jari shi ya ba shi bakin magana. Darasin ya shafi masu shirya shirye-shiryen Hausa irin su Labarina da Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, waɗanda masoyansu ke yanke hukunci a Facebook da YouTube tun kafin a gama nuna fitowa. Marubuci yana iya kashe wanda ya ga dama, ya ƙi bin son ran jama'a, kuma za su biyo shi muddin dalilin daga cikin labari ya fito. Amma ranar da suka gane cewa hawayensu ya zama abin ciniki, za su janye, kuma gyaran da za a yi daga baya ba lallai ne ya dawo da su ba.