Jirgin Sama a Jikin Labule

Bobo Julaso shi ne birni na biyu a girma a ƙasar Burkina Faso, maƙwabciyar Nijar daga yamma. A ranar 5 ga Agusta 1960, kwana biyu bayan Nijar, ƙasar ta sami mulkin kai daga hannun Faransa. A lokacin sunanta Haute-Volta, wato Volta ta Sama, sai a 1984 aka sa mata sunan da take da shi yanzu. A waɗannan shekaru na farkon 'yanci wani saurayi mai suna Sanlé Sory, wanda aka haifa a 1943, ya buɗe shagon ɗaukar hoto a Bobo, ya sa masa suna Volta Photo. Ya koyi sana'ar a hannun wani mutumin Gana. Hotunan da ya ɗauka cikin shekarun 1960 da 1970 suna cikin mafi kyawun shaidar da ta rage a kan zaman mutanen birnin a wancan zamani.

Abincin mai hoto na yau da kullum shi ne ƙaramin hoton katin shaida. Amma mutane sukan zo kuma domin a ɗauke su yadda suke so a gan su. Ga direba, ga ɗan dambe, ga 'yan mata da ɗinkin sallah, ga Fulani da suka shigo gari daga ruga da adonsu. Sory ya tanadi kayan aro: rediyo, da wayar tarho, da akwatin garmaho, da babur. Da dare yakan bi wuraren rawa, har ƙauyuka, yana ɗaukar samari. Shi ne kuma ya ɗauki hotunan da aka buga a bangon faifan makaɗan garin, irin su Volta Jazz.

A cikin labulen da ya sa aka zana masa domin bayan hoto, akwai wani mai jirgin sama a tsaye a fili, ga matakala an jingina. Mutum yakan tsaya a gabansa, ya rataya jakar kamfanin Air Afrique, ya dubi kyamara kamar wanda ake jira ya hau. Domin mu gane abin da wannan hoto yake faɗi, sai mu san matsayin jirgin sama a lokacin.

A watan Maris 1961 ƙasashe goma sha ɗaya da suka fito daga mulkin Faransa suka sa hannu a Yawunde, suka kafa Air Afrique. Nijar, da Cadi, da Kamaru, da Haute-Volta duk suna ciki, hedkwatar kamfanin kuwa tana Abijan. Ƙasa guda ba ta da ƙarfin sayen manyan jirage, shi ya sa suka haɗa hannu, kamfanonin Faransa kuma suka riƙe wani kaso. Tuta, da taken ƙasa, da jirgin sama, su ne alamun da sabuwar ƙasa take nuna wa duniya cewa ta tsaya da ƙafarta. Amma kuɗin tikiti ya fi ƙarfin talaka nesa. Masu hawa su ne ministoci, da manyan ma'aikata, da attajirai, da ɗaliban da gwamnati ta aika karatu Faransa.

Talakan Bobo ma matafiyi ne, sai dai hanyarsa dabam. Layin dogo daga Abijan ya iso garin a 1934, ya kai Wagadugu a 1954. Daga 1932 zuwa 1947 Faransa ta rushe Haute-Volta gaba ɗaya, ta raba ta tsakanin Kwaddibuwa, da Sudan ta Faransa wadda ita ce Mali a yau, da Nijar. Babban dalili shi ne a sami lebura domin gonaki da ayyukan kudu. An hana aikin tilas a 1946, duk da haka tafiyar ba ta tsaya ba, gama talauci ya ci gaba da tura samari gonakin koko da kofi na Kwaddibuwa da Gana, a jirgin ƙasa ko a bayan babbar mota.

Saboda haka saurayin da ya tsaya gaban labulen nan ba ya ruɗin kowa. Shi da mai hoto da wanda za a nuna wa hoton duk sun san zane ne. Abin da ya biya kuɗi a rubuta masa shi ne burinsa: wata rana ya yi tafiya da daraja, da jaka a kafaɗa, ba da fartanya ba. Takardun gwamnati sukan ƙidaya fasinja da lebura, amma ba su da shafin da za a rubuta abin da mutum yake fata. Wannan shafi shagon mai hoto ne ya ajiye shi. Haka Seydou Keïta ya yi a Bamako tun daga 1948, inda mutane suka jingina da mota ko rediyon da ba nasu ba.

Saura kaɗan wannan shaida ta salwanta. Da hoto mai launi ya shigo, kasuwar baƙi da fari ta mutu, har Sory ya fara ƙona tsofaffin fina-finansa, domin a ganinsa ba mai bukatarsu. Wani marubuci Bafaranshe, Florent Mazzoleni, da ya zo binciken tarihin kiɗan garin, shi ya tarar da shi, aka ceci abin da ya rage. A 2018 aka baje hotunan a babban gidan adana zane-zane na Shikago a Amurka. Air Afrique kuwa bashi ya durƙusar da shi a 2002. Jiragen ƙarfe sun tafi, na jikin labule ya rage.

Mai karatu, a Yamai, da Damagaram, da Kano, da Garwa an yi shagunan hoto irin wannan, an kuma yi tsofaffin da suka riƙe su. Fim ba ya jure zafi da laima da gara. Idan akwai akwatin tsofaffin hotuna a gidanku, a buɗe shi tun waɗanda suka san fuskokin suna da rai, a rubuta suna da gari da shekara a bayan kowane ɗaya.