Ciwon agana: magungunan da ake da su da illolinsu

Dattawanmu da suka taso a Kano, Kumasi ko Maradi sun san agana, wadda wasu ke kira 'yan rani, da zanzanar da take bari a fuska. Mun tattara wannan bayani ne domin 'yan'uwa mazauna Hulme da sauran unguwannin Manchester da Birmingham.

A ranar 8 ga Mayu 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da cewa an kawar da agana. Mutum na ƙarshe da cutar ta kashe a duniya a nan Ingila take: Janet Parker, mai ɗaukar hoto a makarantar likitanci ta Jami'ar Birmingham, inda ake bincike a kan ƙwayar cutar. An fara kwantar da ita a asibitin da yanzu ake kira Heartlands, ta rasu ranar 11 ga Satumba 1978. An killace mutum kusan 260, an yi wa ɗaruruwa rigakafi. Maganin da ake da shi a wancan zamani, methisazone, yana sa amai mai tsanani, kuma tuni aka daina amfani da shi.

Har yanzu ana ajiye da ƙwayar cutar a ɗakunan bincike biyu, ɗaya a Amurka ɗaya a Rasha. Shi ya sa gwamnatoci ke tanadin waɗannan magunguna:

Tecovirimat (TPOXX). Amurka ta amince da shi a 2018, Birtaniya a 2022. Yana hana ƙwayar cutar bazuwa a cikin jiki. Yawancin manya suna shan miligiram 600 sau biyu a rana har kwana 14, bayan cin abinci mai maiƙo. Illolinsa su ne ciwon kai, tashin zuciya, ciwon ciki da amai. Mai ciwon suga da ke shan repaglinide ya faɗa wa likita, don haɗa su kan sa suga ya faɗi.

Brincidofovir (Tembexa). Amurka ta amince da shi a 2021. Sau biyu kawai ake sha, da tazarar mako ɗaya. Yana sa gudawa, amai da ciwon ciki, yana kuma iya taɓa hanta, don haka ake gwajin jini. Yana iya cutar da ɗan tayi, kuma yana iya rage wa namiji haihuwa.

Cidofovir. Ta jijiya ake ba da shi a asibiti. Yana iya lalata ƙoda, shi ya sa ake haɗa shi da ƙarin ruwa da maganin probenecid.

Tun da babu sauran mai agana a duniya, a kan dabbobi aka gwada ƙarfin biyun farko. Kuma ga wanda ya kusanci cutar amma bai fara rashin lafiya ba, allurar rigakafi ce gaba da komai: in an yi ta cikin kwana uku zuwa huɗu, tana iya hana cutar ko rage mata kaifi.

Abin da ya fi shafarmu yau shi ne ƙyandar biri, 'yar'uwar agana, wadda ta sake ɓulla a Najeriya a 2017. An gwada tecovirimat a kan masu ita a Kwango, sakamakon 2024 ya nuna bai gaggauta warkewar ƙuraje ba. Yawancin masu ita suna warkewa cikin 'yan makonni.

Waɗannan magunguna ba na kemis ba ne, kada kowa ya saya a intanet ko ya sa a taho masa da su daga gida. Duk wanda ya dawo daga tafiya ya ga zazzaɓi da ƙuraje masu ruwa, ya zauna a gida, kada ya je masallaci ko taron biki, ya kira 111 ya faɗi ƙasar da ya fito. Allah Ya ƙara mana lafiya.